Lambar RA na gudu ko ta tsaya cik? Yadda ake gane ko madubin hangen nesa na bin tauraro, daga saman soro a Sakkwato

Jama'a assalamu alaikum. Dalilin wanga rubutu wani ƙanena ne da ya kira ni wajen sha ɗaya na dare daga Arkilla, murya duk a rikice, wai Yaya madubin nan da munka haɗa da laftof ya lalace, lambar RA, ɗaya daga cikin lambobin da ke nuna inda madubi ke kallo a sama, sai gudu take kamar mitar wuta alhali shi bai taɓa komai ba. Na ce mishi ɗaga kai ka dubi madubin, yana motsi? Ya ce ko alama, tsaye yake cik. Na ce to ai ka ba kanka amsa, lafiyarshi lau, injin bin taurari ne ba ka kunna ba. Ya yi shiru can ya ce Yaya ban gane ba, abin da ke tsaye wuri ɗaya ya za a yi lambarshi ta yi ta gudu?

Ban yi mishi dariya ba don ni ma nan na taɓa maƙalewa. Abin da na so in faɗa mishi a daren kati bai bari ba shi ne, lambar da kake gani a allo ba madubin ne ya leƙa sama ya karanto ta ba, lissafi ne, injin ke ƙirga juyin haƙoranshi ya haɗa da agogo da wurin da ka ce mishi kana tsaye ya fitar da zato. In ka san waɗanne lambobi ya kamata su motsa, waɗanne ya kamata su tsaya, to da ido kawai za ka kama inda matsala take.

Adireshi biyu ne ga kowane tauraro

Ɗauki sama kamar babbar ƙwarya da anka kife a kanmu, taurari su ne zanen jikinta, ƙwaryar kuma tana juyawa daga gabas zuwa yamma. Mun san dai duniya ce ke juyi, amma ga mai aiki da madubi kwatancen ƙwarya ya fi sauƙi.

Adireshi na farko a ƙasar da kake tsaye a kai anka zana shi, manhajoji na rubuta shi Az da Alt. Az shi ne shiyya, arewa 0, gabas 90, kudu 180, yamma 270. Alt kuma tsawo daga inda sama ta taɓa ƙasa, 0 a can ƙasa, 90 a tsakar ka. Wanga adireshi kullum cikin canzawa yake don tauraron bai zama wuri ɗaya.

Na biyu a jikin ƙwaryar yake, shi ne RA da Dec, tare suke juyawa da taurarin shi ya sa ba su canzawa a dare ɗaya. Dec kamar layukan arewa da kudu na taswira ne, 0 a tsakiya, +90 a ƙusar arewa, −90 a ta kudu. RA kuma da awa ake ƙirga ta, 0 zuwa 24, tana ƙaruwa in ka nufi gabas, awa ɗaya digiri 15 ke nan. Digiri ɗaya ana raba shi 60, zan riƙa ce musu mintin digiri don kar a rikita da mintin agogo, kowane mintin digiri kuma sakan digiri 60 ne. Ma'aunin da nika riƙewa a ka, faɗin wata cikakke kusan mintin digiri 30 ne.

Akwai ta uku da mutane ke tsallakewa kuma ita ce mabuɗin, HA. Ka zana layi a zuci daga arewa ya bi ta tsakar kanka ya sauka kudu, layin da in rana ta gota shi muke cewa zawali ya yi. HA na faɗa maka tazarar abu daga wanga layi da awa. Sai kuma agogon taurari, wanda ba komai ba ne illa RA ɗin da ke kan layin zawali a daidai lokacin. Lissafin duka ɗaya ne: RA daidai take da agogon taurari a ɗebe HA. Ƙwaryar na cika zagaye a awa 23 da minti 56 da sakan 4, shi ya sa kowane tauraro ke riga fitowarshi ta jiya da kusan minti 4, a wata guda awa 2, abin da masu lissafin manzilolin damina sunka daɗe da sani tun ba a ƙirƙiro batir ba.

Yanzu dubi matsalar ƙanena. Madubi na tsaye, HA ɗinshi na tsaye, agogon taurari kuwa bai jiran kowa, to dole RA ta yi ta hawa.

Matakin farko: gaya wa kowa inda kake da ƙarfe nawa

Zan yi misali da Stellarium, manhajar da ke nuna taswirar sama a allo, don kyauta ce kuma ita mafi yawanmu ke da ita, amma KStars da SkySafari duk hanyar ɗaya ce. Danna F6 ka saka wuri. Sakkwato tana wajen digiri 13 da minti 4 arewa, digiri 5 da minti 14 gabas, in kana Wamakko ko Kware ko Bodinga ɗauko na wurinka daga GPS ɗin waya. Lokacinmu UTC+1 ne shekara duka, in rimot ɗin madubi ya tambaye ka batun ƙarin awa na bazara irin na Turai ka ce a'a.

Nan ake zubar da dare guda a banza wallahi. Rimot irin na SynScan wata yake fara karɓa sannan rana sannan shekara, tsarin Amurka, to in ka saba rubuta rana farko sai ka ba shi 3 ga Oktoba ya ɗauka 10 ga Maris. Sai harafin E da W. In ka saka yamma maimakon gabas ka kai kanka can cikin ƙasar Mali, kuskuren digiri 10 da rabi, kusan minti 42 a agogon taurari. Wasu tsofaffin tsare-tsare irin na LX200 ma yamma suke ƙirgawa da ƙari, don haka in manhaja ce ke tura wa madubi wurin, koma rimot ka karanta abin da ya shiga da idonka. Agogo kuma kuskuren minti ɗaya rak mintin digiri 15 ne, rabin faɗin wata. Kuskuren awa ɗaya digiri 15, ka nemi Kaza da 'ya'yanta madubi ya kai ka katangar maƙwabci.

Wani zai ce ai in na yi saitin taurari biyu ko uku, wato na nuna wa injin taurarin da ya sani don ya gane inda yake kallo, kuskuren agogo na ɓacewa. Gaskiya ne ga RA da Dec, injin na haɗiye shi, amma yana nan a ɓoye cikin Alt da Az da HA, sai ka ga madubi ya ƙi zuwa wajen tauraron da ke gabanka wai bai fito ba. Agogon laftof, na waya da na rimot su zama bakinsu ɗaya. A Stellarium kuma danna 8 sannan K kafin komai, don sau da yawa da rana mun tura lokaci gaba muna kallon yadda dare zai kasance mun manta ba mu dawo da shi ba.

Mataki na biyu: fuskantar da mazauni arewa, nan ne Sakkwato ke da nata hali

In mazaunin madubinka, wato injin da madubin ke zaune a kai, irin mai gatari (sandar da yake juyi a kanta) ɗaya a karkace ne, wanda ake rubuta wa EQ, dole gatarin ya kalli ƙusar da ƙwaryar ke juyi a kanta. Tsawon ƙusar nan daga ƙasa daidai yake da inda garinku yake a taswira, mu digiri 13 ke nan. Bidiyoyin da kake gani na mutanen Ingila nasu sama da 50 ne, tauraron arewa Polaris na can sama sarai. Namu a ƙasa yake, dunƙulen hannu ɗaya da 'yan kai in ka miƙe hannu, katanga ta tare shi, dogonyaro ya tare shi, in hunturu ya kankama hazo ya shafe shi gaba ɗaya. Kuma shi kanshi Polaris ba a kan ƙusar yake daidai ba, yana gefe da wajen mintin digiri 40, ya fi faɗin wata.

Dabarar da nika yi da rana nika yin ta. Rataya dutse da zare a inda za ka kafa madubi, ka duba a Stellarium lokacin da rana za ta hau layin zawali a ranar, a daidai mintin ka ja layi a kan inuwar zaren da alli ko ƙusa. Layin nan arewa da kudu ne na gaskiya. Kar ka ce ƙarfe 12, a Sakkwato zawali na kaiwa da komowa tsakanin wajen 12:23 a farkon Nuwamba da 12:53 a tsakiyar Fabrairu, don agogon Najeriya a kan layin digiri 15 gabas anka ɗora shi mu kuwa muna 5. Ka guji ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, rana na bi ta tsakar ka inuwa ta ɓace, tsakanin lokutan biyu kuma inuwar kudu take faɗawa amma layin dai shi ne. Kamfas ɗin waya a saman dakalin da ke cike da rodi ni ban yarda da shi ba.

Sai ka saita tsawon gatari a 13. A nan za ka iya tarar da ƙarfen nauyin da ke daidaita madubi na dukan ƙafar arewa, abin da ke samun mutanen da ke kusa da tsakiyar duniya ke nan. Maganin ko dai ka mayar da ɗan turken da ke kan ƙafafun yadda arewa za ta faɗo tsakanin ƙafa biyu in naka na ba da dama, ko ka sa ƙarin wuya. In ka yi na farko ka danne ƙafar baya da buhun yashi, kar nauyi ya rinjaya gaba kayan kuɗi su sha ƙasa.

Mataki na uku: gwajin minti huɗu

Haɗa kebul, ka kunna sashen sarrafa madubi a Stellarium, ka yi saitin taurari a rimot yadda ka saba. Zaɓi tauraro kusa da Dec 0, cikin ukun nan da ke jere na Orion sun dace lokacin sanyi, ka danna Ctrl da 1 madubi ya tafi. Ka sa tauraron a tsakiyar gilashin ido.

Kashe bin taurarin, ka duba agogo. Abin da ya kamata ka gani: Alt da Az na madubi sun tsaya, HA ta tsaya, Dec ta tsaya, RA na hawa kusan sakan ɗaya a kowane sakan. A allo alamar madubin za ta riƙa zamewa gabas cikin taurari, a gilashi kuma tauraron na ficewa ta yamma. Bayan minti 4 RA ta ƙaru da minti 4, digiri ɗaya ke nan. Da madubi mai tsawon milimita 1000 da gilashin ido na 25, wanda filinshi bai wuce digiri ɗaya da kwata ba, tauraron da ke tsakiya ya bar ka cikin minti biyu da rabi.

Kunna kuma. Yanzu komai ya juye, RA da Dec sun tsaya, HA na hawa, Alt da Az na tafiya a hankali. Gudun da injin ke yi sakan digiri 15.04 ne a kowane sakan, ba a gani da ido, in ka kara kunne dai ka ji shi.

Sai gwaji na ƙarshe wanda shi na fi so mutum ya yi ko sau ɗaya ne. Sassauta makullin gatari ka tura madubin da hannu zuwa wani gefen. Dubi allo. In naka ba mai na'urar ƙirga motsin hannu ba ne, lambobin ko gezau, madubi na kallon tankin ruwa manhaja na rantsuwa yana kan Orion. Daga nan dole ka sake saiti, amma ka gani da idonka cewa injin makaho ne, ƙirga kawai yake.

Lamba ta tsaya amma tauraro na sulalewa

Wagga ita ce ta fi cin rai, don allo na cewa komai daidai. Ka lura da shiyyar da yake sulalewa. Don gane ina ne arewa a cikin gilashi, ɗan tura bakin madubi arewa, gefen da sababbin taurari ke shigowa nan ne.

In arewa ko kudu yake tafiya a hankali ba dawowa, gatarinka bai kan ƙusa. Kuskuren digiri ɗaya na iya jan tauraro wajen mintin digiri 15 a awa guda, ga mai kallo da ido ba wani abu ba ne, ga mai ɗaukar hoto kuwa asara ce. Gyaran bai buƙatar ganin Polaris ko kaɗan, shi ya sa ya dace da mu. Kama tauraro kusa da layin zawali kuma kusa da Dec 0, ka kalle shi minti biyar, in ya yi kudu gatarin ya cika karkata gabas, in ya yi arewa ya cika yamma, ka murɗa sukurorin gefe kaɗan ka sake kallo. In wannan ya kwanta sai ka koma wani a gabas mai tsawon digiri 20 zuwa 30, in ya yi kudu gatarin ya yi ƙasa, in ya yi arewa ya yi sama. Aikin haƙuri ne, ka dafa shayi. Mai kyamara kuma manhajar PHD2 na da sashen da ke zana mishi layin zamewar, manhajojin NINA da Ekos na da hanyar ɗaukar hoto uku su faɗa maka kuskuren.

In kuwa gabas da yamma yake kai da komo kamar lilo, wannan daga haƙoran injin ne, kowane zagayen dunƙulen da ke tura babban faifai na maimaita ɗan kuskurenshi. A mazauni ƙirar HEQ5 zagayen sakan 638 ne, a EQ6 kusan 479, lissafin mai sauƙi ne, ka raba sakan 86164 na kwanan taurari da yawan haƙora, 135 da 180. Ba lalacewa ba ce, kyamarar gadi, wadda ke sa ido kan tauraro ɗaya tana gyara wa injin tafiya, ke maganinta.

In gefe ɗaya yake ta tafiya ta gabas ko yamma, duba ko gudun wata ko na rana anka bari a kunne. Ka kuma duba batir. Ni da kaina na taɓa kwana ina zargin saiti ashe batirin sola ne da na ɗauko ya yi sanyi, wutar ta faɗi ƙasa da bolt 12, injin na tsallake taku yana ƙirga su kamar ya yi.

Ɗan bambancin nan na mintin digiri 20

Ga wata alama, in ka aika madubi da rimot ya sauka tsakiya, in ka aika shi da laftof wajen tauraron nan dai sai ya sauka gefe, kullum tazara kusan ɗaya. Kar ka taɓa sukuru ko ɗaya, matsalar kalanda ce.

Duniya na yin layi irin na katantanwa in ta kusa faɗuwa, zagaye ɗaya kusan shekara 26,000, wannan na jan layukan RA da Dec da sakan digiri 50 a shekara. Shi ya sa kundayen taurari sunka tsayar da rana ɗaya, farkon shekarar 2000, ana ce mata J2000, lambobin yau kuma JNow. Daga 2000 zuwa 2025 tazarar ta kai mintin digiri 21, kashi biyu cikin uku na faɗin wata. Ɗauki Dabaran, wanda za ka nema da sunan Aldebaran. A J2000 yana RA awa 4 minti 35 sakan 55, Dec +16° 30′. A 2025 ya koma wajen awa 4 minti 37 sakan 21, Dec +16° 33′. Danna shi a Stellarium za ka ga layukan biyu a gefen hagu ɗaya bisa ɗaya.

A wurin da ka ƙara madubi cikin Stellarium akwai zaɓin J2000 ko na ranar. Dole ya dace da yaren da direban madubinka ke ji, wato 'yar manhajar da ke haɗa laftof da madubi, irin ta tsarin INDI ko ASCOM. INDI da KStars ke amfani da shi lambobin ranar yake karɓa, a ASCOM kuwa kowane direba na faɗin nashi, sai ka buɗe ka duba. In ba ka da tabbas gwada duka biyun a kan tauraro mai haske bayan saitin rimot, wanda ya kawo shi tsakiya shi ne. Masu warware hoto, wato sa kwamfuta ta gane taurarin da ke cikin hoto ta faɗi inda madubi ke kallo, da ASTAP ko Astrometry.net su tuna amsar a J2000 take zuwa, in za ka kwafa da hannu ka san inda kake zuba ta. Warware hoton nan kuwa shi kaɗai ne lokacin da kwamfuta ke duban sama da gaske ta gyara zaton injin.

Tsakar ka da tsallaken zawali

Mai mazaunin Alt da Az, irin wanda ke juyi kamar fanka yana ɗaga kai, bai da wahalar neman ƙusa amma injina biyu ke aiki kuma gudunsu na canzawa kowane lokaci. Rauninshi tsakar ka. Duk tauraron da Dec ɗinshi ke kusa da +13 ta kanmu yake bi, Regulus na kaiwa kusan digiri 89, Dabaran 86 da rabi, shi Dabaran a tsakiyar Janairu wajen goma saura minti ashirin na dare. A wurin za ka ga Az na tsalle daga gabas zuwa yamma cikin 'yan mintuna, injin ya kasa cim mata, ka jira ya gota da rabin awa. Hoto mai dogon buɗi kuma filin na murɗawa, kuma mu na kusa da tsakiyar duniya abin ya fi tsananta gare mu, sai dai gajerun hotuna a tara.

Mai EQ kuma idonshi na kan HA. In ta kusa 0 madubi zai buƙaci juyawa ɗaya gefen, in ba haka ba ya daki ƙafa. Bayan juyin ka sake tabbatar da tauraro ɗaya.

Jinjirin wata

Na san rabin masu tambayata don wannan sunka sayi madubi, a garin da ƙasa duka ke sauraron sanarwar fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi ba abin mamaki ba ne. Sanarwa tasu ce, namu dai neman inda za mu kalla. Kuma wata shi ne ya fi kowa karya dokokin da na lissafa, don shi RA da Dec ɗinshi ba su tsayawa, yana tafiya gabas cikin taurari wajen digiri 13 a kwana, faɗin kanshi a kowace awa.

Saiti tun daren jiya ake yin shi, don da magariba ba taurarin da za ka kama. Ka yi saitinka ka ajiye madubi da umarnin fakin na rimot, wanda ke sa injin ya tuna inda ya tsaya, kar ka ɗaga ƙafafun, ka rufe shi da zani mai haske saboda rana da ƙura, gobe in ka kunna ka ce ya ci gaba daga inda ya kwana ka ba shi sabon lokaci daidai har sakan. Dan Allah kar ka buɗe murfi ko ka aika madubi yamma sai rana ta faɗi gaba ɗaya, jinjirin na kusa da ita ƙwarai, kallo ɗaya ta gilashi na iya kashe ido har abada, ka kuma kula da yara da ke zagaye. In Zara na yamma a watan, fara da ita, ka gyara kaifin gilashi a kanta ka tabbatar da saiti, don jinjiri siriri in kaifi bai zauna ba ko yana cikin fili ba ka ganinshi.

Abu biyu ke kautar da lambar wata a ƙasa-ƙasa. Na farko kusancinshi. Miƙe yatsa ka rufe ido ɗaya ka sauya, ka ga ya yi tsalle, haka wata ke yi tsakanin mai lissafi daga cibiyar duniya da kai da ke bisa doronta, kusa da faɗuwa bambancin na kusan digiri ɗaya, faɗin wata biyu. Jadawalin da ka samo a intanet zai iya zama na cibiya ne, a Stellarium danna F2 ka shiga kayan aiki ka tabbatar zaɓin lissafi daga inda kake tsaye na kunne. Na biyu iska na lanƙwasa haske ta ɗaga abu sama, mintin digiri 34 a bakin ƙasa, wajen 10 a tsawon digiri 5, ɗaya kacal a 45. In ka kashe iska da harafin A don allo ya yi duhu ka ga watan, lambar Alt ta koma marar gyara, to ka san wacce kake karantawa. In madubi ya isa ba ka ga komai ba, ɗan ɗaga shi sama kaɗan kafin ka fara lalube gefe.

Sai ka sauya gudu zuwa na wata, wajen sakan digiri 14 da rabi a sakan. Yanzu a allo RA ɗin madubi za ta riƙa hawa a hankali, wannan karon daidai ne, tare suke tafiya. Dec kuwa yawancin injina ba su bin ta a wanga gudu, sai ka riƙa ɗan taɓa maɓallin arewa ko kudu. Lokacin ma kaɗan ne, jinjirin daren farko da wuya ya ba ka awa guda, in akwai hazo ƙasan yamma ya cinye rabi.

In ya faɗi ka mayar da gudun na taurari nan take tun kana tsaye a wurin. Na taɓa mantawa bayan Isha na koma kan Kaza da 'ya'yanta na jera hotuna na minti ɗaiɗai har sha biyu, da safe na buɗe na tarar kowane tauraro ya ja 'yar wutsiya ta sakan digiri 30, duka gefe ɗaya.